Abin da ke hana ma'aikatu sayen kayan da ba sa cutar da muhalli

A wata tattaunawa da wasu ma'aikatan gwamnati da 'yan kwangila suka yi a Damagaram, an fi daɗewa a kan batun farashi. Akanta yakan ba mai tayi mafi araha kwangila don gudun tuhuma, ko da fankar da aka kawo za ta ƙone kafin bazara ta wuce. Shawarar da ta fi samun karɓuwa, kuma ni ma ita na fi gamsuwa da ita, ita ce a riƙa lissafa kuɗin lantarki da gazuwal da gyara na tsawon shekarun amfani da kaya tun a takardar neman tayi.

Wani dattijo ya ce ya ga allunan hasken rana a rufin wani ofishi, ƙurar hunturu ta lulluɓe su, batura sun mutu, babu mai gyara. Don haka ya nemi a sanya sharaɗin gyara da horar da matasan gari a cikin kwangila.

An kuma tuna cewa tun 2014 Nijar ta haramta leda marar kauri, amma har yanzu a cikinta ake kai wa wasu ofisoshi kaya. 'Yan kwangila kuwa sun ce muddin biya yana jinkiri, ƙaramin ɗan kasuwa ba zai iya zuba jarinsa a kaya masu inganci ba.