Birkin baya na Peugeot 504 Coupé yana motsi, ga tafiya a gabana

Mai tambaya, Garwa: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawara a kan motar marigayi mahaifina, Peugeot 504 Coupé ta 1978 mai ƙofa biyu, wadda ya saya a hannun wani Bature tun ban shiga makaranta ba. Bayan rasuwarsa ta shekara tara a ƙarƙashin rumfa, kaji suna saka ƙwai a kujerar baya, kuma da aka zo rabon gado yayyena sun so a sayar wa masu gwangwan, ni na roƙa aka sa ta cikin kasona. Shekara biyu ke nan ina tayar da ita da kaɗan-kaɗan, har fenti na sake mata irin nata na asali. Yanzu duk lokacin da na taka birki, musamman idan na yi baya sannan na yi gaba, sai in ji ƙwas daga ƙafar baya. Na cire taya na kama ƙarfen da ke riƙe fatar birki, wanda masu garaji suke kira etiriye, sai na ji yana motsi a hannuna. Wani yaro a garajin unguwarmu ya ɗaure shi makon jiya, bayan kwana uku ƙarar ta dawo. Juma'a mai zuwa akwai ɗaurin aure a Ngaundere, kuma na riga na yi wa Hajiya alkawarin da wannan motar zan kai ta.

Tsohon bakanike, Marwa: Wa alaikumus salam. Ɗana, ka ba mu labarin kaji da rabon gado, amma ba ka faɗi ko ƙafar dama ce ko ta hagu ba, ba ka kuma faɗi yadda yake motsin ba, alhali nan maganar take. Akwai etiriye da aka ƙera shi ya riƙa zamewa ciki da waje domin ya matse faifan birki ta fuska biyu, wannan motsi ba laifi ba ne. Wanda yake bin juyawar taya, gaba da baya, shi ne abin tsoro. Tunda an ɗaure ya kwance cikin kwana uku, ni ba na shakka zaren ramin ƙusar da ke ɗaure etiriyen ne ya cinye, kuma yaron ne ya ƙarasa shi, domin yaran yanzu sai su zura bututu a sifana su hau da ƙafa.

Direba, Kuseri: Alhaji, ka kai wa mai walda ya ɗiga masa wuta a wuri biyu, ka yi tafiyarka. Ni abin da ya fi ƙona mini rai ma jabun kaya ne. Watan jiya na sayi fatar birki sefa dubu goma sha biyu, kwalinta har da tambari, ban yi sawu huɗu zuwa Marwa ba ta zama gari, da na koma mai shagon ya ce ƙafata ce take da nauyi.

Tsohon bakanike, Marwa: Kada ka kuskura ka saurari maganar walda. Zafi zai ƙona robar da ke tare man birki, irin wannan ƙarfen kuma yana tsagewa bayan walda, sannan ranar da kake son cire faifan da me za ka kwance? Mai zuwa Ngaundere hawa yake yi, amma a dawowa sai ya gangaro dutsen nan mai kwana-kwana kafin Mbe, inda manyan motoci ma suke kashe birki. A canza hannun ƙafar, wato ƙarfen da ke riƙe tayar, gaba ɗaya, magana ta ƙare.

Ɗan kasuwa, Garwa: Idan canji ne, ina da mai kawo mini kaya daga Ƙofar Ruwa a Kano. Tun 1975 ake haɗa Peugeot a Kaduna, kayan 504 ba za su yi wuya ba.

Tsohon bakanike, Marwa: Malam, ba 504 ɗin tasha ake magana ba. Wannan kamfanin Pininfarina ne ya zana ta a Italiya, an yi ta daga 1969 zuwa 1983, kowace ƙafar baya da hannunta daban, kuma birkin faifai ne a ƙafa huɗu. Fikof da doguwar nan ta haya birkin ganga ne a bayansu, kayansu ba za su hau ba.

Malamin koyar da kanikanci, Njamena: Baba, a yi mini afuwa, amma har yanzu babu wanda ya ga ramin. Mai yiwuwa ƙusar ce ba tata ba, ko ta yi gajarta. Yallaɓai, ka duba lambar da ke kanta, domin 8.8 ba ta kai 10.9 ƙarfi ba, wadda babu lamba kuma a jefar. Idan zaren ne, mai injin gyaran ƙarfe zai iya sa masa Helicoil, wato sabon zare na waya da ake murɗawa cikin ramin, a ɗiga gam ɗin ƙusa, a ɗaure da sifana mai awo. In an kwance etiriyen a rataye shi da waya, kada ya yi lilo a jikin tiyon mai. Ka kuma girgiza tayar sama da ƙasa, ko boris ne yake wasa.

Mai tambaya, Garwa: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Sai dai yaron nan ba shi da laifi, a gabana ya yi aikin, kuma maigidansa ne ya riƙa duba motar tun mahaifina yana da rai. Ƙusar ni na saye ta a kasuwa, domin ta asalin ta yi tsatsa, kuma tsayinsu kusan ɗaya ne. Ni ba mai gudu ba ne, ba na wuce sittin, birkin kuma yana kamawa sarai. Ina tunanin in sa a sake ɗaurewa ranar Alhamis, in tafi da sifana ina dubawa a hanya.

Tsohon bakanike, Marwa: Sai yanzu kake faɗin ka canza ƙusa? Ka sa Hajiya a motar haya. Kuma har yanzu ba ka ce dama ko hagu ba.

Direba, Kuseri: Ɗan kasuwa, mutumin naka na Kano yana kawo fatar birkin Hiace ta gaske?