Benly ɗin Baba na shan batir da dare

Magajin Baba: Salamu alaikum jama'ar zaure. Honda CD175 ce ta 1976, gadon mahaifinmu, Allah ya jiƙansa. Da rana lafiya lau take. Da na kunna babbar fitila da dare, kafin in yi minti 20 ham ya koma kukan ɗan akuya, sigina ta daina ƙyaftawa, sai injin ya fara tari ya mutu. Daren jiya da ƙafa na turo ta gida, yaran unguwa suna ta yi mini sannu. Batir na uku ke nan cikin wata 5. Makanikin da na kai wa ya ce kwayil ne, wato naɗin wayar cikin injin da ke samar da wutar caji, a sake naɗawa. In ba shi?

Oga Wayarin: Wa alaikumus salam. Kada ka ba shi tukuna. Ya ɗora mita, ko da ido ya duba?

Magajin Baba: Da ido, Oga. Ya dai cire wayar batir injin na aiki, ya ga ya mutu.

Oga Wayarin: Wannan gwajin nake hana yarana kullum. Bai nuna komai, kuma ranar da injin bai mutu ba sai ka ga ƙwayayen fitila sun ƙone gaba ɗaya, don a irin waɗannan tsofaffin batir ne ke danne wutar da ta yi yawa. Nemo mitar auna wuta, ko ta aro ce, ka sa ta a DC 20, wurin auna bolt. Ka auna kan batir sau uku: injin a kashe, injin na aiki ka ɗan ja totur, sannan ka maimaita da fitila a kunne. Batirinka mai bolt 6 ne, gida uku, kowane gida 2.1, in ya cika za ka ga 6.3. In caji na shiga sosai ya kamata totur ya kai shi wajen 7.

Ɗan Zariya: Ni fa shawarata ka huta da wahala, ka mayar da ita bolt 12. Batir a ko'ina, ƙwan fitila a ko'ina. Mai 6 sai ka zagaye kasuwa.

Alhaji Mai Vespa: Ɗana, ciwon da ba a gano ba ake yi wa aiki? In ya koma 12 sai ya canja kwayil ɗin fulogi, ham, abin sigina da kowane ƙwai, kuma in waya ce ta lalace tana nan tana jiransa. Mu da bolt 6 muka yi ta zuwa Gusau muna dawowa.

Magajin Baba: Na samu mita wurin mai gyaran rediyo. A kashe 6.3, don na kai an yi masa caji da safe. Da totur ba fitila 6.7. Da na kunna fitila ya faɗo 5.9, yana ta sauka a idona.

Oga Wayarin: Madalla, babur ya yi magana. Kwayil ɗinka na ba da wuta, in ba haka ba da ba ka ga 6.7 ba. Duba wayoyin da suka fito daga injin ta hagu, za ka ga ruwan hoda, ruwan ɗorawa da fara. Da rana ruwan hoda da ruwan ɗorawa kaɗai ke kai wuta rektifaya, wato abin da ke juya wutar kwayil ta koma irin wadda ke cajin batir. Farar kuwa ajiya ce: sai ka kunna fitila, makunnin ya haɗa ta da ruwan ɗorawa, sauran kwayil ɗin su shigo aiki su ɗauki nauyin fitilar. In haɗin nan bai yiwu ba, fitila na ci, caji bai ƙaru ba, batir ke biyan bashi. Abin da mitarka ta faɗa ke nan. Kwance kwanon fitila ka bi farar nan har makunni. Ka tura mana hoton abin da ka tarar.

Injiniya: In ƙara a kan na Oga. Tunda ka riga ka ɗauko mita, zare soket ɗin wayoyi ukun ka sa mitar a om, wurin gwada ko waya na haɗe. Tsakanin kowace biyu ta nuna ɗan ƙaramin adadi. Tsakanin kowace ɗaya da jikin injin kuwa kada ta nuna komai. In ta nuna, a nan ne maganar naɗi ta taso. Sannan koriyar waya da ke ɗaure a jikin ƙarfe, kwance ta ka goge wurin da samfefa har ya yi ƙyalli. Tsatsar da mai bolt 12 zai haƙura da ita, mai 6 ba zai iya ba.

Alhaji Mai Vespa: Ka kuma leƙa rektifayar. In mai faranti-faranti ce ja-ja kamar an jera faifai, ta siliniyom ce, tsufa na rage mata ƙarfi. Ranar da tawa ta ƙone, uwargida ta yi zaton ƙwai ne ya ruɓe a zaure.

Injiniya: Gaskiya ne Alhaji. Madadinta na wurin masu kayan rediyo, ka ce KBPC3510, ɗan murabba'i mai ƙafa huɗu. Ƙafa biyu masu alamar ~ su ne na ruwan hoda da ruwan ɗorawa, + na jar waya mai ratsin fari, − na koriya. Ɗaure ta da noti a jikin ƙarfe ta riƙa sakin zafi. Za ta fi tsohuwar tura caji, don haka riƙa duba ruwan batir, kuma tataccen ruwan batir na gaske za ka ƙara, ba na randa ba.

Magajin Baba: Jama'a ku ga ikon Allah. Cikin kwanon fitila na tarar an yanke farar wayar, an murɗa ta da hannu da wata shuɗiya da ba ta zuwa ko'ina, an naɗe da leda. Har gidan zanzaro a gefe. Na mayar da ita mazauninta, mai rediyo ya ɗiga mini dalma. Yanzu da fitila a kunne 6.8 nake gani.

Ɗan Zariya: To na janye, amma zan tuna maka ranar da ka fita neman ƙwan fitila mai 6.

Magajin Baba: Oga, wani ya ce in haɗe fara da ruwan ɗorawa ɗin dindindin in manta da makunni.

Oga Wayarin: Ana yi, amma sai mai tafiya da fitila a kunne dare da rana, ko wanda ya sa regileta, abin da ke hana caji yin yawa. In ba haka ba, doguwar tafiya a zafin nan za ta tafasa maka batir. Bar shi yadda ya zo. Ka yi tafiyar dare uku, ka auna da asuba kafin ka buga kik. Kuma batiran nan biyu da ka ajiye, kada ka sayar wa 'yan gwangwan, kai su a yi musu caji a hankali, ina kyautata zaton ɗaya zai tashi.