Tauri Kaɗai Ke Sa Tsohuwar Mustang Ta Kama Kwalta?

Mai kayan gyara: Ga maganar da nake so mu warware. Motar Ford Mustang ta 1965 ko 1966, in ana so tayarta ta riƙe kwalta a tashi da kuma a kwana, a ganina abu biyu ne magani: a sa mata sifirin mai tauri gaba da baya, a kuma sauke ta inci biyu. A baya a sa mai falle biyar maimakon huɗu, a cusa bulon saukewa tsakanin aksul da sifirin. Motar da ba ta lilo ita ce mai riƙe hanya.

Bakanike: Alhaji, da gyara a maganarka, kuma bulon nan shi ne babbar matsalar. A wannan motar sifirin ɗin baya aiki biyu yake yi, yana ɗaukar nauyi, yana kuma riƙe aksul a mazauninsa. Idan aka taka totur da ƙarfi, taya ta juya gaba, kwanson aksul sai ya nemi juyawa baya, hancinsa ya ɗaga sama. Wannan murɗawar ce ke lanƙwasa rabin gaba na sifirin. Da taya ta ɗan suɓuce sai ya warware da ƙarfi, ya sake naɗewa, ya sake warwarewa. Shi ne tsallen da ake ji, bayan mota na dukan ƙasa dam-dam-dam, har ya kai ga karya kuros ɗin farfela. To bulo nesanta aksul yake yi daga sifirin, wato ka ƙara wa murɗawar dogon hannu. Inci biyu na bulo ƙara tsallen zai yi. In dole sai an sauke, a sayi sifirin da aka ƙera da saukinsa, mai ido (zoben ƙarshen sifirin da ake ɗaure shi da jikin mota) a tsakiya ko mai juyayyen ido.

Mai kayan gyara: Amma falle biyar ai ya fi huɗu jure murɗawa. Wannan ba ka musa ba.

Bakanike: Ban musa ba. Sai dai ka biya da tsada. Bayan Mustang ba shi da nauyi, injin yana gaba. Ka taurara shi da yawa, a hanya mai gargada taya za ta riƙa barin ƙasa, kuma tayar da ke iska ba ta kama komai. Abin da ake so shi ne a hana sifirin naɗewa ba tare da an kashe masa taushi ba, aikin sandar riƙe aksul ke nan. Ana ɗaure ta a ƙarƙashin aksul da yubol, ta miƙa gaba, da roba a bakinta. Robar ta tsaya daidai ƙarƙashin idon gaba na sifirin, da tazarar kwatan inci zuwa rabi. In sandar ta yi gajarta, robar ta riƙa dukan fallen a bayan idon, za ta lanƙwasa shi. Su kansu kamfanonin sun bi ta wata hanyar: motar Chevrolet Camaro ta 1967 mai falle ɗaya ta yi fama da tsallen nan, a 1968 Chevrolet ta raba shokazoba na baya, ɗaya gaban aksul ɗaya bayansa.

Mai saitin ƙafa: Ku duka kun taru a baya, alhali ciwon kwana a gaba yake. Yadda Ford ta kafa hannun sama, wato ƙarfen da ke riƙe tayar gaba daga sama, idan mota ta kwanta a kwana, tayar waje kanta waje yake karkata, sai ta hau kan gefenta, faɗinta ya bar ƙasa. Sifirin mai tauri rage kwanciyar kawai yake yi, ya ɓoye ciwon. Gyaran da aka yi wa Shelby GT350 ta 1965, wato Mustang ɗin da aka ƙara wa ƙarfi, shi ne ainihin magani: a sauke mazaunin hannun sama inci 1. A ƙirar 65 da 66 ana kuma ja da shi baya kashi ɗaya cikin takwas na inci. A yi amfani da farantin awo na ƙarfe wajen huda, kada a auna da ido, domin ramuka huɗu ne, biyu kowane gefe, kuma dole su dace. Kada a wuce inci 1 da hannun asali, boljoin zai ƙure ya cije. Bayan haka sai sitabilaiza, sandar rage kwanciyar mota a kwana, mai kaurin inci 1 a gaba, sannan saiti: kamba (karkatar kan taya) daga sifili zuwa rabin digiri ciki, kasta (jinginar ginshiƙin juya taya zuwa baya) digiri 2 zuwa 3, bakin tayoyi ya shigo kashi ɗaya cikin takwas na inci. Lambobin littafin asali na tayar zamanin da ne, ba su dace da tayar radiyal ta zamani ba.

Mai walda: Malamai, duk wannan saitin a kan me zai zauna? Motar ba ta da shasi guda daga gaba zuwa baya. Guntun ƙarfe ne a gaba, guntu a baya, tsakaninsu farantin daɓe mai shekara kusan sittin, sau da yawa da tsatsa. Ka sa sifirin mai tauri a irin wannan jiki, jikin ne zai koma sifirin, ƙofa ta fara ƙin rufuwa. A fara da ƙarafan haɗa gaba da baya, kuma na walda, domin na noti ramukansu faɗaɗa suke yi. A yi waldar mota na zaune kan tayoyinta huɗu a daidaitaccen wuri. In an yi ta a rataye a kan jak, an daskarar da karkata ke nan har abada. A janye bututun mai da na birki, a ɗage kafet daga ciki kafin a kunna wuta.

Mai kayan gyara: To na ji na jiki. Amma bushin fa? Ko nan ma za ku ce roba ta fi? Na foliyuritan, mai taurin nan, ba ya motsi ko kaɗan.

Mai saitin ƙafa: A sitabilaiza, na'am, a sa shi da giris. A sandar da ke riƙe hannun ƙasa daga gaba kuwa, Alhaji, don Allah kada ka sayar wa kowa shi. Sandar nan tana bukatar ta yi sama da ƙasa tare da hannun. In bushin ya ƙi ba ta hanya, ita ce za ta riƙa lanƙwasa a wajen zaren noti har ta karye, kuma in ta karye ana cikin birki taya baya za ta yi. Roba mai kyau, ko sanda mai gaɓar ƙarfe. Kuma duk bushin roba, sai an sauke mota kan ƙafarta ake ɗaure notinsa na ƙarshe, in ba haka ba yagewa zai yi da wuri.

Bakanike: A ƙara da kusurwar hancin aksul. Tunda yana ɗagawa in an ba da wuta, a motar titi a sunkuyar da shi digiri 2 zuwa 3 da weji na ƙarfe, na alminiyam fashewa yake yi.

Mai kayan gyara: Na janye bulon. Amma sifirin na gaba ina nan kan bakana. Na asali ya yi laushi, hanci na nutsewa a birki, ko an sauke hannun sama.

Mai saitin ƙafa: A nan ban ƙi ta taka ba, matuƙar shokazoba ya dace da ƙarfinsa. A sa shi bayan an gama walda da huda, a tuƙa ta 'yan kwanaki ya zauna, sannan a kawo ta saiti.