Yaya aka san abin da ke cikin rana, alhali ba wanda ya taɓa zuwa?

Baban Asiya:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ni mai walda ne a Gusau, karatuna bai wuce sakandare ba, amma sha'anin sama yana burge ni. Na ji a rediyo wai yawancin rana iskar haidirojin ce. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, wa ya je ya ɗebo aka gwada? Nisanta fa kusan kilomita miliyan 150 ne. Ko dai hasashe ne kawai?

Malama Hadiza:
Wa alaikumus salam, Baban Asiya. Fizis nake koyarwa, kuma tambayarka ta yi mini daɗi, don rabin amsar tana shagonka. Ka san in wuta ta kama jan ƙarfe harshenta kan yi kore, in gishiri ya faɗa ciki ya koma ruwan ɗorawa. Kowane sinadari da irin hasken da yake fitarwa, kuma daidai wannan hasken yake shanyewa.

A 1814 wani mai haɗa tabarau a Jamus, Fraunhofer, ya bi da hasken rana ta gilashi mai kusurwa uku, ya rabu zuwa launukan bakan gizo. Sai ya ga ɗaruruwan siraran baƙaƙen layuka sun ratsa launukan. Bai san dalilinsu ba har ya mutu. Wajen 1859 Kirchhoff da Bunsen suka nuna cewa kowane layi shaidar wani sinadari ne da ke cikin iskar da ta lulluɓe rana. Abin da ya fi tsuma ni shi ne labarin hiliyam: a 1868 aka ga wani layi mai ruwan ɗorawa a hasken rana wanda bai dace da komai da aka sani ba. Sai a 1895 aka samo wannan iskar a doron ƙasa. Ka ga an fara saninta a sama kafin a riƙe ta a kwalba. Maganar haidirojin kuwa, Cecilia Payne ce ta tabbatar da ita a 1925, manya suka yi ta ja da ita kafin su yarda.

Ɗan Damagaram:
Malama, Allah ya ƙara basira. Ƙarin da zan yi: layukan nan ne suka tona cewa sararin samaniya yana faɗaɗa. An lura cewa gungun taurari masu nisa layukansu sun karkata wajen ja, alamar suna nisanta da mu, sai a 1929 Hubble ya nuna cewa iya nisansu iya saurin gudunsu. Daga irin wannan awon aka kai ga ƙiyasin cewa sararin samaniya ya kai shekara kusan biliyan 13.8.

Baban Asiya:
Ikon Allah! Malama, akwai yadda zan nuna wa Asiya wannan a gida?

Malama Hadiza:
Akwai. Nemi tsohon faifan CD, da dare ka karkata shi kusa da kyandir, za ku ga launuka a haɗe ba tsinkewa. Sai ka maimaita da doguwar fitilar lantarki mai farin haske, za ku ga wasu launukan sun fito daban-daban, da duhu a tsakani, saboda iskar makuri (zaiba) da hodar da ke cikin fitilar. Amma don Allah kada ku haska rana da faifan zuwa ido, tana ƙona ganin mutum.