Jingar ɗalibai ta cika min imel da WhatsApp, ku yaya kuke yi?

Malamin_Tarihi ya rubuta:

Assalamu alaikum malamai 'yan uwa. Ina koyar da tarihi a wata kwalejin ilimi a nan Kano, 'yan NCE 1 da NCE 2, kuma shawara nake nema wajen waɗanda suka fi ni gogewa a harkar karɓar jinga ta intanet.

Tun rufe makarantun da aka yi lokacin korona a 2020 muka fara cewa ɗalibai su riƙa turo aiki ta waya, har abin ya zauna. Ajina na NCE 1 ya haura mutum ɗari da hamsin. Kwanan baya na ba su jinga a kan musabbabin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo na 1804, shafi biyu kacal, na rubuta adireshin imel ɗina a allo. To jama'a, ku zo ku ga abin da ya biyo baya. Yawancin saƙonnin babu take, babu suna, babu lambar rajista. Adireshin mai turowa kuwa ba zai taimake ka ba, domin wani sunansa "yariman masoya" da wasu lambobi a gaba, wata kuma da imel ɗin yayanta ta turo. Aikin kansa hotuna ne na rubutun hannu, an ɗauka da daddare da hasken tocila, babban yatsa ya rufe kusurwar takarda, shafi na biyu ya riga na ɗaya zuwa, wani a kwance sai ka karkatar da wuya. Waɗanda imel ya gagare su sun samo lambata sun turo ta WhatsApp, wani ƙarfe ɗayan dare, da "Slm sir" a sama. Uwargida ta fara tambayar ko an ƙara min muƙami ne ba ta sani ba.

Babbar matsalar dai ranar da na kafe maki ce. Mutum ya tsaya a ƙofar ofis yana rantsuwa, "Wallahi Malam na turo." Ba ka da hujjar ƙaryata shi, ba ka kuma da lokacin tone saƙonni ɗaruruwa don gaskata shi. Ga Google kuma yana ta gargaɗina cewa ma'ajiyata ta kusa cika.

Shin in koma karɓar takarda a hannu kamar da, ko akwai tsarin da ke yi muku aiki? Kwamfutar cinya ina da ita, tsohuwa ce amma tana tashi. Ɗaliban kuwa kusan duk da waya suke aiki.

Uwar_Ɗalibai ta amsa:

Wa alaikumus salam Malam, sannu da fama. Ni ma aji mai yawa nake riƙewa a wata kwalejin kimiyya da fasaha a Kaduna, kuma abin da zan faɗa maka guda ɗaya ne, sauran duk reshensa ne: jinga ta ƙofa ɗaya za ta riƙa shigowa. Yanzu gidanka ba shi da zaure, wani ya shigo ta taga, wani ya hauro katanga. Ka ce da su ga inda ake miƙa aiki, kuma duk abin da ya biyo ta wata hanya ba ka gan shi ba. Makon farko za su gwada ka. Idan ka karɓi na mutum ɗaya ta WhatsApp don tausayi, ka rushe tsarin da hannunka.

Ƙofar nan kuma kada ta zama imel. Imel ba ya tilasta wa kowa rubuta sunansa. Ni Google Forms nake amfani da shi, kyauta ne, kuma ɗalibi ba sai ya sauke wata manhaja ba, mahaɗin kawai zai danna. Fom ɗin nawa tambaya huɗu ne: cikakken suna, lambar rajista, aji, sai wurin ɗora fayil. Kowacce na sa ta zama dole, fom ba zai tafi ba sai an cike. Wurin aji kada ka bar su su rubuta da kansu, ka jera musu su zaɓa, in ba haka ba za ka ga "NCE1", "nce one", "level 1" da "ajinka na Talata" duk a layi ɗaya.

A wurin ɗora fayil akwai abubuwa uku da kai ne kake yanke su. Irin fayil: ka zaɓi PDF kaɗai. Yawansa: guda ɗaya. Girmansa: ina sa 10MB, ya ishi shafi biyu har da ragi. Wannan shi ne maganin hotunan tocila. Za su ce ba su iya haɗa PDF ba, sai ka nuna musu a aji: manhajar Google Drive da ke yawancin wayoyin Android tana da alamar kyamara ta yin sikanin, tana gyara gefen takarda da kanta, tana haɗa shafuka su zama fayil ɗaya. Na kan ɗauki minti ashirin na laccar farko kacokan a kan wannan, kowa ya fito da wayarsa ya yi sikanin shafin littafinsa ya tura ta fom ɗin gwaji, ina zagayawa ina dubawa. Ba a fafe gora ranar tafiya, kada ka bari sai daren rufe jinga su fara koyo.

Batun "wallahi na turo" kuwa, a saitin fom ɗin ka kunna karɓar adireshin imel na mai amsawa, ka kunna aika masa kwafin amsarsa. Duk wanda ya tura, saƙo zai faɗo masa a imel, rasit ɗinsa ke nan. Amsoshin kuma ka haɗa su da Google Sheets, wato jadawalin Google, kowane layi da ranar da sa'ar da aka turo. Wanda ya zo ofis da rantsuwa, ba gardama, sai ka ce ɗan nuna min rasit. Ni tun da na fara haka rantsuwa ta ragu a ƙofata ƙwarai. A wannan jadawalin nake ƙara gurbin maki a gefe, in jera shi bisa lambar rajista, in lokacin miƙa sakamako ya yi sai kwafa kawai. Wa'adi ya cika, akwai maɓallin karɓar amsa, ka kashe shi ka yi barcinka.

Inda za ka sha wuya shi ne ɗora fayil a fom yana bukatar mutum ya shiga da asusun Google. Da yawa daga 'yan NCE 1 imel ɗinsu mai shagon kwamfuta ne ya buɗe musu lokacin rajistar JAMB, ba su san kalmar sirrinsa ba, wani ma bai san adireshin ba. Amma duk wayar da ake sauke manhaja da ita daga Play Store akwai asusun Google a kanta, ko mai ita bai sani ba. Wannan ya isa. Sunan asusun ko "yariman masoya" ne bai dame ka ba, tunda ga lambar rajista a fom.

Ma'ajiya: asusun Google na kyauta 15GB ne, kuma Gmail da Drive da Photos duk a ciki suke ci. Shi ya sa hotunan ɗalibai ke gogayya da hotunan sunan 'ya'yanka. Ka buɗe wani asusu daban na koyarwa zalla. A tsohon kuwa, ka rubuta larger:5M a wurin bincike na Gmail, zai fito maka da manyan saƙonnin, ka share waɗanda ka gama da su. Ka tuna abin da ke kwandon shara yana nan yana cin wuri har kwana 30 sai in ka zubar da kanka.

Imel na bar shi don tambaya da uzuri kaɗai. Akwai wata dabara a Gmail da mutane da yawa ba su sani ba: bayan sunan adireshinka, kafin alamar @, kana iya ƙara alamar tarawa da wata kalma, misali +nce1, saƙon duk wurinka zai zo. Sai ka ba kowane aji nasa, ka kafa matatar da za ta riƙa kai saƙon kowane aji ƙarƙashin lakabinsa. Kafa matatar sai ta kwamfuta, manhajar waya ba ta yi, to tsohuwar taka za ta yi rana.

ƊanZazzau ya amsa:

Allah ya saka wa Malama, ta yi bayani. Sai dai ni ina ganin in za a yi a yi gaba ɗaya, Malam ya buɗe Google Classroom. Don wannan aikin aka yi shi tun 2014. Lambar aji za ka rubuta a allo su shiga, ka sa jinga da wa'adinta, shi da kansa zai nuna maka wanda ya miƙa, wanda bai miƙa ba, da wanda ya makara. Abin da ya fi fom da shi shi ne mayar da aiki: ka sa maki, ka rubuta wa ɗalibi gyara a keɓe, ya gani shi kaɗai. Da fom irin wanda Malama ta tsara kana karɓa ne kawai, ɗalibi ba ya sanin inda ya kuskure, kuma ai gyaran shi ne karatun.

Abu biyu a kula. Da asusun kai na kyauta aji ɗaya ba ya wuce mutum 250. Sannan lokacin buɗe aji Google yana faɗa ƙarara cewa in a makaranta za a yi amfani da shi da ɗalibai, makarantar ce ya kamata ta yi rajistar Google Workspace for Education. To ka fara leƙa sashen kwamfuta na kwalejinku, wataƙila suna da shi tuntuni ba wanda ya tambaya.

Malam_Na_Ƙauye ya amsa:

Ranku ya daɗe malaman birni. Ni sakandare nake koyarwa a wani gari a Jigawa, kuma ina karanta ku ina murmushi. Ba na musun amfanin abin da kuka faɗa, amma a riƙa tuna wanda zai biya kuɗin data. A farkon 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince kamfanonin waya su ƙara kuɗi har kashi 50 cikin ɗari. Ɗalibin da ke lissafin kuɗin mota da na abinci, ka ce kuma ya ɗora fayil, sabis ya yanke a tsakiya ya sake daga farko, wannan a jikinsa yake ji. Ko a kwalejin taku, Malam, ka bincika da kyau, za ka tarar akwai masu ƙaramar waya mai maɓalli, akwai matan aure da wayar maigida ce a gidan kuma sai dare yake dawowa. Su ba za su ɗaga hannu a aji su faɗa ba.

Don haka ƙofa ɗayan da Malama ta ce na yarda, amma a ajiye wa irin waɗannan hanya. Su kai takardarsu wurin wakilin aji kafin wa'adi, su sa hannu a rajista, shi ya yi sikanin ya ɗora musu da lambobinsu, kai kuma ka riƙa saya masa datar. In haka ne kada a kunna saitin nan da ke hana mutum ɗaya amsa fom sau biyu.

Mu da ke da yara ƙanana kuwa lamarin ya fi haka nauyi. Google ba ya yarda yaron da bai kai shekara 13 ba ya riƙe asusu shi kaɗai sai ƙarƙashin kulawar iyaye. Sannan shawarata ga duk malami namiji, babba ko ƙarami: kada ka riƙa musayar saƙo da ɗaliba a keɓe ta lambarka, ballantana da dare. Ko zuciyarka fara ce, bakin mutane ba ya tambaya. A yi zauren WhatsApp na aji, a saita shi shugabanni kaɗai ke iya rubutu, sanarwa da mahaɗin fom kawai ake sawa. In kuma imel za ka tura wa aji duka, ka zuba adireshinsu a layin Bcc mai ɓoye adireshi, kada kowa ya kwashi na kowa. Na san abin da samari ke yi da jerin lambobin 'yan mata in ya faɗo hannunsu.

Malamin_Tarihi ya amsa:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Zan fara da fom ɗin Malama a jinga mai zuwa, da hanyar wakilin aji da Malam_Na_Ƙauye ya kawo, in kuma tambayi sashen kwamfutarmu kan zancen ƊanZazzau. Saura abu ɗaya. Cikin aikin da na duba akwai kusan guda goma da suka zo da Turanci mai santsi iri ɗaya, har da wanda ya bar jimlar da ChatGPT ke buɗe amsa da ita bai goge ba. Fom zai yi maganin wannan?

Uwar_Ɗalibai ta amsa:

Ba zai yi ba, Malam, kuma kada ka dogara da shafukan da ke cewa suna gano rubutun na'ura, suna kama mai gaskiya su saki mai laifi. Ni rubutun hannu nake sa su yi sannan su yi sikanin, ko ba komai wanda ya kwafa ya karanta abin sau ɗaya. Sannan ka sauya irin tambayar. "Musabbabin jihadin 1804" na'ura za ta amsa kafin ka ƙifta ido. Amma ka ce kowa ya je ya tambayi wani dattijo a unguwarsu ko garinsu yadda aka samo sarautar mai unguwarsu, ya rubuta wanda ya tambaya da ranar, ya kwatanta da abin da kuka yi a aji. Ranar lacca ka zaɓi lambobi biyar daga jadawalin nan, su tashi su yi bayanin abin da suka rubuta na minti biyu-biyu, ka ware wa wannan wani kaso na makin. Ka sanar da su tun ranar ba da jingar cewa haka za a yi, kuma kada ka faɗi lambobin sai an zauna.