Ƙafar Baba tana jan ƙasa, wane gwaji za mu fara yi?

Assalamu alaikum. Mahaifina ne, a Jos muke. Tun bayan babbar sallah ƙafarsa ta hagu ta daina ɗagowa daga idon sawu. Yatsun na jan ƙasa, silifas ya suɓuce bai sani ba, sai ya riƙa ɗaga gwiwa sama kamar mai hawa bene. Yana iya yin ɗage a kan yatsu, amma tsayuwa a kan dunduniya ta gagara. Saman ƙafar da gefen ƙwauri, ko an mintsine shi ba ya ji sosai. Baki bai karkace ba, hannu lafiya lau.

Mun shafa man zafi, mai ɗori ya murza, kemis ya ba da bitamin. Duk shiru, tuntuɓe ma ya ƙaru. Wani likita ya ce jijiyar gefen gwiwa ce ta danne, tunda a tanƙwashe yake yini yana ba da karatu. Wani kuma ya ce daga ƙashin baya ne. Ga shi yana da ciwon suga.

Kuɗin gwaji ɗaya ke hannunmu. Don Allah, gwajin jijiya za mu fara ko hoton MRI na ƙashin baya?