Ranar da ka nemi bakof ɗinka, me ka tarar a ciki?

Mai Hoto

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina so mu tattara abin da ya taɓa samun kowannenmu a kan abu ɗaya tak: ranar da kwamfuta ta tsaya cak, ka juya ka ɗauko bakof, wato kwafin fayilolinka da ka ajiye a gefe. Me ka tarar? Shawarwari duk mun sha karantawa, ni abin da ya faru da mutum a kan kansa nake son ji.

Nawa ko mako bai yi ba. Laftof ɗin da nake gyaran hotuna da ita ta kwana biyu tana nauyi, folda sai ta yi minti guda kafin ta buɗe. Wata safiya na kunna ta, ta ƙi tashi, sai wata ƙara ƙas-ƙas-ƙas daga ƙarƙashin inda nake ɗora hannu. Hankalina bai tashi ba ko kaɗan, domin ina da had-disk na waje da manhajar da na saita ta riƙa kwafe komai sau ɗaya a mako. Na jona shi a kwamfutar abokin aikina, na jera fayilolin bisa kwanan wata. Na ƙarshe a ciki ya yi wata 14. Na rufe na sake buɗewa har sau uku, kamar hakan zai canza wani abu.

Sai da na zauna na yi ta tunani sannan na gano bakin zaren. Kwamfuta takan ba kowane faifai harafi a matsayin suna, manhajar a harafin E take neman faifan, shi kuwa tun wata rana da na jona shi tare da filash ya koma F. Akwai ɗan saƙo da ke leƙowa a kusurwar allo, kullum ina aiki nake ture shi ban karanta ba. Yanzu aikin mutane na fiye da shekara yana cikin faifan da ke ƙara.

Mai Gyara

Wa'alaikumus salam. Allah ya mayar da alheri. Kafin komai, Malam, don Allah kada ka sake kunna ta. Wannan ƙarar ta allurar da ke karanta faifan ce, tana neman hanya tana komawa baya. A ciki faranti ne ke juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti, allurar kuma tana shawagi a kansa ba ta taɓa shi. Idan ta fara taɓawa, duk kunnawa ɗaya kankare bayanai take yi. Kada ka bari a sa maka shi a firiji, kada kuma a buɗe murfinsa a ɗaki, ƙura kaɗan ta isa ta ƙarasa shi.

Nawa labarin tun ina yaron shago ne, kuma har yau yana damuna. Wata baiwar Allah ta kawo kwamfuta an yi mata fomat bisa kuskure, hotunan mahaifinta da ya rasu suna ciki. Fomat na gaggawa ne, wanda jadawalin fayiloli kawai yake sharewa, ainihin bayanan suna nan kwance. Ni kuma don rashin sani sai na ɗora sabuwar babbar manhaja a kan faifan, na sauke manhajar ceto a kansa, sannan na fara nema. Duk abin da na rubuta a kan hotunanta ya hau. Wasu sun dawo, wasu rabinsu toka-toka. Ta yi mini godiya ta tafi, ba ta san ni na ɓata sauran ba. Tun daga ranar ba na taɓa faifan da ake son ceto sai na fara ɗaukar kwafinsa sukutum zuwa wani faifan da manhajar ddrescue, domin ita tana fara kwashe wuraren da ke da lafiya, ta bar masu wuya zuwa ƙarshe, kuma tana rubuta inda ta tsaya. A kan kwafin nake sakin manhajojin ceto irin su PhotoRec ko TestDisk.

Ɗalibar Digiri na Biyu

Ni a zatona na fi kowa tsari, don komai nawa yana ma'adanar intanet, foldar kwamfuta da ta waya duk a haɗe. Wata rana ina share tarkace don samun wuri, na haɗa da foldar da ke ɗauke da hirarrakin da na naɗa na bincikena. Ban lura ba. Ina cikin rubuta babin farko da na biyu, ban buƙace su ba sai bayan kusan wata biyu. Na duba kwamfuta babu, na duba waya babu, na shiga intanet babu. Kwandon shara na kamfanin kwana 30 yake riƙe abu, ya riga ya zubar.

Abin da ban fahimta ba a lokacin shi ne, wannan tsarin madubi ne kawai. Abin da ka yi a nan shi zai yi a can, har da gogewa. Na koma wajen mutanen da na yi hira da su, wasu suka amince muka sake, wani dattijo kuwa rashin lafiya ta riga ta kwantar da shi. Muryarsa ita ce ta fi yi mini ciwo.

Mai Kula da Sabar

Yaya Mai Gyara ya faɗi gaskiya, ka bi maganarsa. Ni nawa a wurin aiki ne, ƙaramin ofis mai kwamfuta goma sha wani abu da sabar guda, wato babbar kwamfutar da ke riƙe fayilolin kowa. Sabar tana da RAID, faifai biyu masu kwafin juna, ga kuma faifan bakof a maƙale da ita dare da rana. Idan shugabanmu ya tambaye ni sai in ce ai muna da kariya hawa biyu, kuma har zuciyata haka na ɗauka.

Wata Litinin muka zo, kowane fayil ya canza suna, a kowace folda an ajiye takardar neman kuɗin fansa. Wani ne ya buɗe abin da aka liƙo masa a imel, manhajar garkuwa da fayiloli ta bi hanyar sadarwar ofis ta kulle duk abin da hannunta ya kai. RAID ya yi aikinsa tsaf: ya kwafe kullallun fayilolin zuwa faifai na biyu. Faifan bakof kuwa, tunda a jone yake kuma ana iya rubutu a kansa, shi ma ya tafi. Na tsaya gaban sabar hannuna yana rawa.

Abin da ya cece mu wani tsohon faifai ne a durowar mai kula da kuɗi. Ita da kanta take kwafe foldar lissafi duk ƙarshen wata, ta cire ta kulle, don ba ta yarda da na'urorina ba. Na sha ce mata wahalar banza take yi. Mun rasa aikin mako uku, amma ofis bai durƙushe ba.

Ra'ayina tun daga nan: RAID maganin mutuwar faifai ne kawai, don aiki ya ci gaba kafin a sauya. Ba ya maganin gogewa, ba ya maganin ƙwayar cuta, ba ya maganin gobara. Kuma wannan ba matsalar ƙananan wurare kaɗai ba ce. A watan Mayun 2017 manhajar garkuwa da fayiloli mai suna WannaCry ta tsayar da asibitoci a Ingila, alhali Microsoft ta fitar da facin toshe ƙofar tun watan Maris. A watan Janairun shekarar, wani injiniyan kamfanin manhaja na GitLab ya goge rumbun bayanansu bisa kuskure, da suka juya ga hanyoyin bakof ɗinsu sai suka tarar ba sa aiki yadda suka zata, suka rasa bayanan kusan awa 6. Su da kansu suka bayyana wa duniya, abin da ya sa nake ganin girmansu. A watan Maris na 2021 kuma gobara ta cinye wata cibiyar ajiyar bayanai ta kamfanin OVH a Strasbourg ta Faransa, waɗanda bakof ɗinsu ke wuri ɗaya da sabar suka rasa duka biyun.

Sabon Shiga

Ni filash ce ta yi mini. An rubuta 128GB a jikinta, kwamfuta ma haka ta nuna. Na zuba bidiyoyin iyali na goge na waya. Sunayen duk suna nan, amma in ka danna ba ya buɗewa sai na farko-farko. Ashe jabu ce, cikinta ƙarami ne, an yi mata dabara tana ƙaryar girma. Yanzu duk wadda na saya sai na gwada ta da H2testw, ta cika ta taf ta karanta, kafin in ba ta amana.

Ɗan Linux

Na san wasu na jiran in ce da babbar manhajar Linux kuke amfani da hakan bai faru ba. Ba zan faɗa ba, don ni a kan Linux nawa ya same ni. Ina da ɗan umarnin rsync, manhajar kwafe fayiloli daga tushe zuwa masauki, da nake bugawa da hannu, da zaɓin da ke goge duk abin da babu shi a tushe don ɓangarorin biyu su zama iri ɗaya. Wani dare ina gajiye, na sayi sabon faifai fanko, na juya tushe da masauki. Cikin daƙiƙu ta mayar da foldar aikina irin sabon faifan, wato babu komai.

Abin da ya ƙara dagula lamarin, kwamfutar SSD gare ta, wato faifan da ba shi da faranti mai juyawa. A tsohon faifai mai juyawa, abin da ka goge yana nan har sai an rubuta wani a kansa. A SSD kuwa akwai TRIM, babbar manhaja tana sanar da faifan cewa wuraren nan ba a bukatarsu, shi kuma ya share su da kansa. Na kashe ta da wuri, na samo wasu, da yawa sun tafi. Har gobe ina son SSD, saurinta ba a haɗa shi da na tsohon faifai, amma mutane su sani ba ta ƙara ba ta gargaɗi irin na Malam Mai Hoto, rana ɗaya kawai za ka ga kwamfuta ba ta ganin ta. Yanzu ba na buga rsync sai na fara da gwajin da ke nuna abin da za ta yi ba tare da ta taɓa komai ba, kuma na koma bakof mai ajiye tarihi, wanda zan iya cewa a ba ni foldar kamar yadda take ranar Talatar da ta wuce.

Maman Biyu

Nawa ya zo da sauƙi, amma na kwana biyu ban yi barcin kirki ba. Ruwa ya zube a laftof ɗina, aka canza mata babban allon ciki. Faifan lafiya lau, sai dai da aka kunna ta, shuɗin allo ya fito yana neman mabuɗin BitLocker, tsarin kulle faifai na Windows, mai lamba 48. Ni ban ma san faifan a kulle yake ba. Mai gyaran ya yi mini bayani cewa mabuɗin yana ɗaure da wani ɗan guntu mai suna TPM a tsohon allon, kuma ba shi da yadda zai yi in babu lambobin. Ƙanina ne ya ce in shiga asusuna na Microsoft ta waya. Sai ga shi a can. Na karanto lambobin shida-shida yana bugawa, tana buɗewa na fashe da kuka. A daren na rubuta su a takarda na adana. Masu sauya kwamfuta saboda tallafin Windows 10 ya ƙare ranar 14 ga Oktoban 2025, don Allah ku duba wannan mabuɗin kafin ku taɓa komai.

Baba Akanta

'Ya'yana, ni nawa bakof ɗin ya yi aiki, bari in faɗa don kada a ɗauka kullum asara ake yi. An sace mini jaka da laftof a ciki. Washegari na ari wata, na ɗauko faifai, kafin azahar ina aiki. Abin da na rasa na kwana 4 ne.

Ba wata fasaha gare ni ba. Faifai biyu nake da su, na liƙa wa ɗaya jar takarda, ɗaya shuɗiya. Ɗaya yana gida, ɗaya yana wurin aiki, duk mako nake musanya su, kuma ba na barin kowanne a jone in an gama kwafa. Daga baya wani yaro ya ce mini wannan shi ake kira ƙa'idar 3-2-1: kwafi uku, a kan ma'adana iri biyu, ɗaya a wani wuri daban. Abin da na ƙara da kaina shi ne, farkon kowane wata nakan zaɓi fayil uku a cikin faifan, tsoho da na tsakiya da na jiya-jiya, in buɗe su in gani da idona. Sau ɗaya na tarar na jiyan babu, ashe faifan ne ya cika. Da ban duba ba, da ranar satar nan labarina ya zama irin na mai buɗe wannan zance.

Mai Kula da Sabar

Baba, wallahi abin da kake yi da fayil uku ɗin nan shi ne abin da ban yi ba shekara da shekaru ina karɓar albashi a kan aikin. Yanzu duk wata uku nake ɗaukar kwamfuta fanko in dawo da komai a kanta daga bakof, in duba agogo in ga awa nawa ya ci. Karon farko na gano kalmar sirrin buɗe bakof ɗin a cikin sabar kanta na ajiye ta.

Mai Hoto

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam Mai Gyara, na bi maganarka, ban sake kunna ta ba. Na kai wa wani mai aikin ceto, ya ciro faifan ya saurara, ya ce allurar ba ta mutu gaba ɗaya ba, ya ɗora shi a ddrescue tun shekaranjiya. Ɗazu ya turo mini hoton allonsa, ya kwashe mafi yawa, saura wuraren da ke tirjewa, ya ce waɗannan za su iya cin kwanaki kuma kada in sa rai da duka. Na kira mutum biyu da aikinsu ke ciki na gaya musu gaskiyar halin da ake ciki, ɗaya ya yi haƙuri, ɗayan bai ɗauki wayata ta biyu ba tukuna. Faifai biyu na saya jiya, na liƙa musu takarda irin ta Baba. 'Yar'uwa mai bincike, ki duba tsohuwar wayar da kika yi naɗin da ita in tana nan, wataƙila asalin muryoyin suna cikin katin memorinta. Zan dawo in faɗa muku abin da ya fito idan an gama.